Kayan Ƙwalam Marasa Nama da Nono, da Yadda Ake Yin Su a Gida

Kayan ƙwalam su ne 'yan abubuwan da ake ci tsakanin abinci da abinci, ba don yunwa ba, sai don baki ba ya son zaman banza. A Maiduguri ana samunsu a tiren 'yan talla a bakin makarantu, da teburan masu shago, da layin masu kayan zaƙi a Monday Market, da cikin kwanukan garar da ake kai wa amarya. Wasu na madara ne, kamar gullisuwa da tuwon madara da iloka. Wasu na nama ne, kamar kilishi da dambun nama. Amma mafi yawansu daga gona suka fito: gyaɗa, riɗi, wake, aya, gero, alkama, sai ɗan sukari. A kan wannan kashi na ƙarshe bayanin zai tsaya.

A watan Nuwamba na 1944 wani Bature mai koyar da aikin katako a garin Lesta ta Ingila, Donald Watson, shi da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, suka ƙago wa kansu suna, wai bigan. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, har zuma ma sun yafe, don a ganinsu gumin ƙudan zuma ne. A ƙasar Hausa da Barno ba a san wannan ɗariƙa da suna ba, ko da yake ma'aikata da yawa suna bin ta sau da ƙafa daga ranar 20 ga wata har zuwa ranar da albashi zai shigo. Bambancin kawai, can da niyya ake yi.

Misalan da za a riƙa kawowa an ɗauko su ne daga abin da ya sami mai wannan rubutu, wanda daga nan za a kira shi magidancin, don a rufa masa asiri. Abin ya faru a unguwar Gwange a ƙarshen watan Mayun 2021. A lokacin yana koya wa wani baƙo ɗan Turai Hausa da yamma, ma'aikacin ɗaya daga cikin ƙungiyoyin agajin da suka cika garin tun da rikici ya raba mutane da ƙauyukansu. Ranar da darasi ya zo kan sunayen abinci, baƙon ya bayyana cewa shi bigan ne, ya kuma yi ƙorafin cewa a duk Maiduguri bai ga abin taɓawa ba sai biskit ɗin da ya zo da shi a jaka. Kishin gari ya motsa. Magidancin ya gayyace shi gida ranar Asabar bayan la'asar, ya ce zai ga kala bakwai, "duk na gida, da hannuna." Uwargida kuwa tana Biu wajen sunan ƙanwarta, kuma iyakar ilimin magidancin a madafa shi ne shayi da dafa taliyar yara. Abin da ya dogara da shi shi ne ya karanta a wayarsa cewa waɗannan abubuwa masu sauƙi ne.

Kalmar sauƙi tana bukatar bayani. Kayan haɗin ba su da yawa, ba kasafai suke wuce uku ko huɗu ba, kuma ma'auninsu gwangwani ne da mudu. Ta nan gaskiya ne, da sauƙi. Amma yarinyar da ke sayar da kantu a bakin makarantar firamare ta ga an narka sukari sau ɗari kafin a bar ta ta riƙe muciya, kuma abin da idonta da hancinta suka sani ba ya cikin waya.

Gyaɗa ce uwar gayya. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma, ta hau arewa har ta zama dalar gyaɗar Kano bayan jirgin ƙasa ya iso can, kafin layin dogo ya ƙaraso Maiduguri a 1964. Kusan rabin nauyinta mai ne. Wajen saye a zaɓi busasshiya mai ƙwari, a tsince wadda ta yi baƙi ko ta yi funfuna, domin funfunar gyaɗa tana ɗauke da dafi mai lahani ga hanta. An gano shi ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa musu da gurɓatacciyar gyaɗa daga Barazil. Hanya mafi sauƙi ta sarrafa ta ita ce a jiƙa ta a ruwan gishiri, a shanya, a soya a kasko cikin yashi mai zafi ana juyawa, saboda yashin yana raba zafi daidai. Sharaɗin yashin shi ne ya zama tsaftatacce, tankaɗaɗɗe. Magidancin ya ɗebo nasa daga tarin da maƙwabcinsa ya ajiye a ƙofar gida don gyaran katanga, bai lura an riga an cuɗa shi da siminti ba. Gyaɗar ta fito da farar riga mai toka-toka, kuma da ya wanke ta don ya gyara ɓarna, rigar ta ƙara kamawa. Ya koma kasuwa ya sayo wani mudun.

Daga soyayyar gyaɗa ake samun ƙuli-ƙuli, kuma a nan ne aikin yake. Ana murje ɓawon, a fece, a kai inji a niƙa ta yi laushi. Sai a zuba a turmi, a riƙa ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya. Ruwan yana sa garin ya haɗe da juna ya saki man da ke cikinsa, har a ga mai ya fara tsatstsafowa yana taruwa a gefe. A kwashe man, a matse abin da ya rage, shi ne tunkuza. Ita ake sa wa gishiri ko sukari ko ɗan yaji, a mulmula ko a murza ta kamar zobe, a soya ta cikin man da ya fito daga jikinta. Ba kasafai ake samun abincin da ke kawo man suyarsa da kansa ba. Duk sirrin yana cikin kalmar kaɗan-kaɗan. Magidancin ya ɗiga cokali biyu, ya juya na minti uku, bai ga mai ba, kafaɗarsa kuma ta fara magana, sai ya yanke hukuncin cewa idan ruwa kaɗan yana fitar da mai a hankali, ruwa da yawa zai fitar da shi nan take. Ya juye buta guda.

Ana cikin haka wata dattijuwa Babarbariya da suke katanga ɗaya ta leƙo, don ta ji ƙarar turmi a gidan da ta san matar gidan ba ta nan.

"Wushe, Malam. Kunu kake damawa a turmi?"

"A'a, Kaka, ƙuli-ƙuli ne."

Ta daɗe tana kallon turmin. "To, Allah ya ba shi lafiya," in ji ta, ta sauka.

Tunkuzar da ta sha ruwa ba ta da magani sai a ƙara mata wata gyaɗar, ko a haƙura a yi miyar taushe da ita.

Dakuwa 'yar uwar ƙuli-ƙuli ce amma ba a soya ta a mai. Akwai ta aya, wadda ake soya ayar a daka ta da sukari har ta haɗe, akwai kuma ta gyaɗa da soyayyen garin gero ko masara, da citta da kanumfari da ɗan barkono. Ba ta da wata dabara sai daka, kuma wanda ya riga ya ɓata turminsa da kunu ba shi da wurin yin ta.

Sai kayan sukari: kantun riɗi, da hallaka-kwabo na gyaɗa, da kwakumeti na kwakwa. Dukkansu hanya ɗaya suke bi. Riɗi, wanda ake nomawa sosai a Jigawa da Nasarawa da Binuwai har ana fitar da shi zuwa Japan da Turkiyya da Sin, yana zuwa kasuwa da tsakuwa a cikinsa, don a ƙasa ake kakkaɓe shi. Dole a wanke, a rege shi da ƙwarya kamar yadda ake rege shinkafa, a shanya, sannan a soya sama-sama har ya fara tsalle a kasko. A gefe guda a narka sukari a wuta marar ƙarfi. Sukari yana bin matakai: ya narke, ya yi danƙo, ya kai inda idan an ɗiga shi a ruwan sanyi zai daskare ya karye kamar gilashi, wato wajen digiri 150. Daga nan ya fara ja, kuma tsakanin ja mai ƙamshi da baƙi mai ɗaci bai fi tsawon gaisuwa ɗaya ba. Da ya yi ja sai a juye riɗin, a gauraya da sauri, a zuba a farantin da aka shafa wa mai, a baje da kwalba, a yanka tun da zafinsa.

Gaisuwar da ta ci magidancin daga Biu ta zo. Sukari ya fara ja ke nan waya ta yi ƙara, uwargida ce, tana tambayar ko an ba akuya dusa. Ba a amsa wa mace irin wannan tambaya ba tare da an tambayi mai jego da jariri da Hajiya da sauran 'yan biki ba. Kafin a kai kan Hajiya hayaƙi ya cika tsakar gida. Ya ce mata maƙwabta ne ke ƙona shara, ya kashe waya, ya juye riɗin da bai rege ba cikin abin da ya koma kamar kwalta, ya zuba a faranti. Farantin ba a shafa masa mai ba, kuma ba kowane faranti ba ne: cikin jeren kayan ɗakinta ya zaro shi, don shi ne mafi faɗi. Sannan ya bar shi ya huce sosai kafin ya yanka, saboda hankali ya nuna masa ba a wasa da abu mai zafi. Wuƙa ta lanƙwashe. Taɓarya ta yi tsalle ta dawo. Kantu da faranti sun zama abu ɗaya.

Ƙosai ya yi suna har a wajen Afirka. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, kuma ƙosan ya bi bayin da aka kwasa daga ƙasar Yarbawa har Bahiya ta Barazil, inda har yau mata ke soya shi a manja a bakin titi. Ana surfa wake a cire ɓawon, a jiƙa kaɗan, a markaɗa da albasa da attarugu, da ruwa daidai yadda injin zai iya juyawa, kada a wuce haka. Sai a buga ƙullun da muciya ko ludayi har ya yi fari ya tashi, domin iskar da aka shigar masa ce ke sa ƙosai ya kumbura ya yi taushi, ba ƙwai ba, ba yis ba. Gishiri sai dab da suya. Man kuma ya yi zafi sosai, in ba haka ba ƙosai ya sha mai ya yi nauyi.

Wurin da ake yawan samun matsala shi ne wajen markaɗe, kuma ga mai dafa wa bigan matsalar biyu ce. Maiduguri garin kifi ne. Bandar da ake saukewa a kasuwar Baga Road daga Tafkin Chadi tana shiga miya, tana shiga yaji, tana shiga injin unguwa. Ranar Asabar da safe magidancin ya ɗauki bokitinsa ya shiga layin markaɗe, shi kaɗai mai gemu cikin yara mata goma sha wani abu, waɗanda suka yi shiru gaba ɗaya kamar malami ya shigo aji. Wadda ke gabansa kayan miya ta kawo, da gutsattsarin busasshen kifi a ciki. Matan da suka san aiki sukan ce a ɗauraye inji kafin a zuba musu wake. Shi kunya ta hana shi. Mai injin kuma, da ya ga baƙon fuska, ya yi masa karamci da ruwa.

A hanyar gida ya sunsuni bokitin, ya ji Baga Road sarai. Nan ya tsaya ƙarƙashin wata dalbejiya yana nazari irin na malamai. A babin tsarki an ce ruwa yana nan a matsayinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai sauya ba. To, launin ƙullun bai sauya ba. Ɗanɗano ba a sani ba tukuna. Ƙamshi ne kawai, shi ma sai an kai hanci kusa, kuma ba a san Bature da sunsunar abincin mutane ba. Ya kusa ba kansa fatawa ta sassauci, amma kasko ya raba gardama: ƙullun ya yi ruwa, duk ludayin da ya zuba sai ya watse cikin mai ya zama 'yan ƙananan ɗigo masu tsalle, wasu suka sauka a hannunsa. Ya ƙara garin rogo don ya yi kauri. Abin da ya fito yana da siffar ƙosai da nauyin dutsen guga.

Awara ita ce ƙaramar cikinsu a shekaru. Mutanen Sin sun daɗe suna daskarar da madarar waken suya, amma a nan ba ta bazu ba sai bayan da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasu hukumomi suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken a shekarun 1980. Sunan daga wara ne, cukun nonon da Fulani ke daskarewa da tumfafiya suna sayarwa a ƙasar Yarbawa. Wasu suna kiranta ƙwai-da-ƙwai, alhali ita kanta ba ta haɗa komai da kaza ba. Ana jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace da ƙyalle, a dafa madarar. Idan ta tafasa sai a zuba ruwan tsami, wato ruwan da ya kwana a kan gasarar koko, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, ko lemon tsami. Nan take za a ga ta tsinke, farin ya taso ya dunƙule, ruwan ya koma garai-garai. A kwashe a ƙyalle ko buhu, a sa gishiri da albasa da attarugu, a ɗaure, a danne da dutse har ruwan ya tsane, a yanka, a soya. Abin lura shi ne madarar waken suya tana kumfa, tana kuma tasowa ba sallama. Masu sana'ar sukan ɗiga ɗan manja don ya kwantar da ita, kuma ba sa cika tukunya.

Magidancin ya cika tukunya. Madarar ta taso ta kashe gawayin, ta gangara ta bi ta ƙarƙashin katanga ta shiga gidan Kaka. Ba a jima ba sai ga jikarta, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, da kofin ruwan tsami a hannu.

"Baba, Kaka ta ce wai ka zauna ka huta."

Ya zauna. Yarinyar ta hura wuta, ta raba sauran madarar gida biyu, ta zuba tsamin ba tare da ta auna ba, ta ɗaure, ta ɗora turmi a kai. Kafin azahar ga awara fara tas, mai kusurwa huɗu, irin wadda ake sayarwa. Ya tafi masallaci da farin ciki, ya bar ta tana suya. Da ya dawo ya tarar da ita jere a faranti, ta yi ja, tana ƙyalli fiye da yadda ya saba gani.

"Me kika sa mata ta yi kyau haka?"

"Ƙwai, Baba. Na ga guda huɗu a kwando. Ai tunda baƙo ne."

A yi hattara da wannan: a garin nan tsoma awara a ƙwai karramawa ce, kuma duk wanda aka bar wa kasko zai karrama baƙo in ba a hana shi ba.

Irin wannan tarkon yana cikin kayan gara. Alkaki na ɓarzajjiyar alkama ne da ake bari ta kwana ta yi tsami, a murza, a soya, a tsoma a ruwan sukari da tsamiya, amma na manya a zuma ake tsoma shi. Nakiya ta shinkafa ce da kayan ƙamshi, tana wata da watanni ba ta lalace ba, sai dai mai kyau da man shanu da zuma ake yin ta. Gireba, wadda sunanta ya nuna daga Larabawa ta zo, fulawa ce da sukari da mai, ana gasa ta ko da a tukunya ce mai yashi a ƙasa, ita ma wasu bota suke sa mata. Duk ukun suna yiwuwa da man gyaɗa da sukari zalla, amma wanda bai ga lokacin da aka yi su ba kada ya rantse. Magidancin ya buɗe wata kula ta uwargida ya tarar da ragowar nakiyar salla, ƙamshin man shanu ya daki hancinsa, ya ci uku don baƙin ciki ya rufe.

Abin sha ma yana cikin lissafi. Zoɓo ba shi da rigima: a wanke, a dafa da citta da kanumfari, a tace, a sa sukari. Haka ardeb, abin shan tsamiya da mutanen Barno suka shahara da shi, wanda sunansa ma na tsamiya ne a Larabcin Shuwa. Tsamin da ke cikinsu yana taimaka musu su jure zafi. Kunun aya ne mai laulayi. Aya tsohon abinci ce, an same ta a kaburburan Masar ta dā, mutanen Balensiya ta Sifen suna yin irin wannan kunun da ita, kuma yankin Maraɗi yana noma ta da yawa. Ana jiƙa ta, a markaɗa da dabino da kwakwa da citta, a tace. Yana da zaƙi, yana da maiƙo, ba a dafa shi, saboda haka in ba sanyi awoyi kaɗan ne ya fara tsami yana tara iska.

A shekarar 2021 kuwa Maiduguri ta shafe watanni ba wutar lantarki, bayan an fasa turakun layin da ke kawo ta daga Damaturu, kuma a watan Mayu zafin garin yana haura digiri 40. Firij ya zama akwatin ajiye kwanuka, ƙanƙara ta zama abin da ake bi layi a saya. Magidancin ya yi kununsa tun daren Juma'a don ya rage aiki, ya ɗura a gorunan roba shida, ya ɗaure murafen tam, ya jera su cikin firij ɗin da ba wuta, bisa tunanin cewa ko ba komai ya saba da sanyi. Wajen ƙarfe biyu da rabi na ranar Asabar gora ta farko ta tashi. A garin da ya sha jin ƙara, ba a tsayawa tambayar mene ne. Mai shagon ƙofar gida ya ja ƙyaurensa, yara suka watse, Kaka ta yi salati da ƙarfi, shi kansa magidancin ya tsinci kansa kwance a bayan randa. Ta biyu da ta uku suka biyo baya. Da aka gane daga firij ne, mutanen da suka taru ba su yi dariya nan da nan ba, sai da wani dattijo ya leƙa ya ga farin ruwa na bin bango, ya ce, "Malam, in kunu ne a riƙa sanar da unguwa."

Akwai kashin da ba ya bukatar wuta ko turmi, wanda littattafan girki ba sa kulawa da shi don ba abin da za su koyar: dabino, goruba, aduwa, magarya, kurna, ɗinya, kanya. Ana sayensu a wanke, shi ke nan.

Wajen gabatarwa, a jera kowane kala a farantinsa, busassu daban, masu mai daban. Da ƙarfe uku magidancin ya wanke fuska ya fita bakin titi, cikin minti ashirin ya haɗa ƙuli-ƙuli da dakuwa da hallaka-kwabo da kantu da ƙosai mai zafi da awarar da ya tsaya a kanta har aka soya ba ƙwai. Kala shida ke nan, sai ya cike na bakwai da goruba daga tiren wani yaro. Kuɗin duka bai kai na mudun gyaɗar da siminti ya ci ba. Game da alkawarin "da hannuna," ya duba ya ga da hannunsa ya ɗauko su.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce a tambayi baƙo abu biyu tun kafin a je kasuwa: abin da ba ya ci, da abin da jikinsa ba ya karɓa. Baƙon ya iso bayan la'asar, ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya yi gaisuwar da aka koya masa har da tambayar iyali. Ya dubi farantan da murna. Sannan ya yi tambaya da Hausarsa mai tsabta, wadda magidancin ne ya koya masa kalmar da bakinsa:

"Malam, akwai gyaɗa a ciki?"

Ashe yana cikin mutanen da gyaɗa ke tayar wa borin jini mai tsanani, irin wanda ke kumbura maƙogwaro, har da allura yake yawo a jaka saboda haka. Aka bi farantan ɗaya bayan ɗaya. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ne tsantsa. Hallaka-kwabo haka. Dakuwar ta gyaɗa ce. Ƙosai da awara a man gyaɗa aka soya su. Kantu riɗi ne, amma da wane mai aka shafe farantin da aka baje shi? Saura goruba da zoɓo.

Baƙon ya ɗauki goruba ya juya ta, aka nuna masa yadda ake gwaguya. Ya yi minti arba'in a kan guda ɗaya, yana kurɓar zoɓo, ya ce ɗanɗanonta kamar wani biskit ɗin citta da ake yi a ƙasarsu lokacin Kirsimeti. Da zai tafi ya roƙi a ƙulla masa biyar, ya kuma tambayi yadda aka yi ta ta yi tauri haka.

"Ai wannan sai haƙuri," in ji magidancin. "Shekaru take ɗauka."

Wajen ajiya, ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa suna makonni a kwalba ko gwangwani mai murfi. Kantu da hallaka-kwabo suna son rani, da damina sukan ja danshi su yi laushi. Ƙosai da awara na ranar ne. Dusar waken suya da ta aya ana ba dabbobi, kuma akuyar gidan, wadda ita kaɗai ce ta riƙe tsarin Donald Watson tun da aka yaye ta, ta cinye su tas, ta sunsuni ƙosan garin rogo ta juya baya. Tukunyar da sukari ya ƙone a ciki ba a kankare ta da wuƙa, ruwa ake zubawa a tafasa har ya narke da kansa. Haka ma faranti, in an sani. Magidancin bai sani ba, ya tura nasa ƙarƙashin gado. Uwargida ta dawo ranar Litinin, ta ajiye jaka, ko mayafi ba ta cire ba ta durƙusa ta jawo shi, don Kaka tana da lambarta. Ta tafasa ruwa ta zuba, cikin rabin awa farantin ya fito, kantun kuma ya saki gaba ɗaya, faifai guda baƙi mai zanen furannin farantin a bayansa. Da shi aka riƙa tokare ƙofar madafa har ruwan farko ya sauka a watan Yuni, tururuwa suka same shi.